Yadda Ake Rage Hayaƙin Girki a Gida Kafin Ya Ci Ƙirjin Uwargida da Goyonta

Shekara talatin da 'yan kai Goggona ta yi tana tuyar masa a zauren gidanmu da ke Jekadafari, cikin garin Gombe. Tun kafin assalatu take hura wuta, tanda a kan murhu, ita a kan 'yar kujerarta ta tsuguno, tsakanin fuskarta da bakin wuta bai fi kamu biyu ba. Da tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har zuwa bayan gida ya zama sai ta dafa bango ta huta, muka kai ta asibiti. Likita ya saurari ƙirjin, ya ɗaga hoton ya duba, sannan ya ce, "Mama, kin taɓa shan taba?" Goggo ta zaro ido, "A'uzubillahi! Ɗan nan, ni?" Ya yi murmushi ya ce, "To shekara nawa kika yi kina aiki da itace?" Daga nan ba wanda ya ƙara cewa komai.

Abin da ya kama ta shi ne toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, cutar da aka fi sani da mashaya sigari. Magani yana sassauta ta, amma huhun da ya lalace ba ya komawa yadda yake. Tun daga ranar na fara bin diddigin lamarin, kuma abin da zan jera a nan na jera shi ne bisa tsarin da nake ganin ya fi dacewa da gidajenmu: a fara da abin da ba ya cin ko kwabo, a ƙare da mai buƙatar aljihun maigida.

Kafin nan, ga abin da ke cikin hayaƙin. Idan itace bai ci wuta sosai ba, yana fitar da ƙananan ɓurɓushi da masana ke kira PM2.5. Ƙanƙantarsu ta kai a jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashin kai guda. Gashin hanci da majina suna tare ƙurar da ido ke gani, amma waɗannan wucewa suke yi har can ƙarshen huhu, wasu su shiga jini. Shi ya sa ɓarnar ba ta tsaya a tari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000. Abin da ya ba ni mamaki a lissafin shi ne, fiye da rabin mamatan ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne suka kashe su. Sauran kuma nimoniya, toshewar numfashi irin ta Goggo, da sankarar huhu. Ga yanar ido a gefe, ga haihuwar jariri marar nauyi.

Mataki na 1: ki duba madafinki da idon baƙo

Sabo turken wawa. Wadda ta tashi a bakin murhu ba ta ƙara ganin hayaƙi a matsayin wani abu. Don haka gobe da hantsi, lokacin da wuta ke ci, ki fita tsakar gida ki yi minti biyar, sannan ki dawo ki tsaya a ƙofa ki ɗaga kai. Kunkunniyar da ta yi baƙi ƙirin a jikin kwano da azara, abin da iskar ɗakin ke ɗauke da shi ke nan kullum, kuma ke ma ita kike shaƙa. Ki lura da inda hayaƙin ke taruwa ya tsaya, yawanci daidai tsayin kan mutum idan ya miƙe. Bayan kin sauke tukunya ki fyace hanci a farin ƙyalle ki gani.

Sannan ki ƙirga awa nawa kike yi a wurin daga kunun safe zuwa tuwon dare, da su wa ke zaune tare da ke. Cutarwar hayaƙi tana bin abu uku: kaurinsa, kusancin mutum da shi, da daɗewarsa a ciki. Duk matakan da ke tafe ɗaya daga cikin ukun nan suke ragewa.

Mataki na 2: ki raba yaro da bakin murhu

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak a cikin rubutun nan, wannan zan zaɓa. Ki tuna yadda kike tuƙa tuwo da goyo a baya. Kin sunkuya kan tukunya, kan yaron ya leƙo ta kafaɗarki, daidai inda hayaƙin ke miƙewa sama. Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, jariri kuwa yakan yi 40 ko fiye, ga hanyoyin iskarsa sirara, ga huhun bai gama ƙwari ba. A ƙididdigar hukumar da na ambata, kusan rabin yaran da cututtukan huhu irin su nimoniya ke kashewa kafin su kai shekara 5, hayaƙin cikin gida na da hannu a ciki. Mu kuwa sai mu ɗora laifin a kan ruwan randa da fanka.

Kafin ki kunna wuta, ki shayar da shi ya ƙoshi, ki miƙa wa kakarsa ko facalarki ko yayarsa. A gidan da ake da abokiyar zama, mai girki ta bar wa ɗayar yara, gobe a rama. Na san ba kowane gida ne zaman ya yi daɗin da za a yi haka ba, amma ko tsakanin maƙwabta a gidan haya ana iya wannan musayar. Idan ke kaɗai ce, ki shimfiɗa masa tabarma a inuwa inda idonki ke kai wa gare shi, ta ɓangaren da iska ke tahowa, yadda hayaƙin zai yi gaba ya bar shi a baya. Mai rarrafe a sa shi a babban kwando ko a tare shi da matasai. Wannan ya raba shi da faɗawa cikin wuta da tafasasshen ruwa ma.

Kada a manta da 'yar shekara takwas da ake cewa, "Ke, zo ki hura mini wutar nan." Ta durƙusa, ta kai baki, ta cika ƙirji da hayaƙi mafi kauri sannan ta busa. A ba ta mafici. In kuwa sai an busa, guntun bututun ƙarfe mai tsawon kamu biyu ya isa ya nisanta fuskarta.

Mai ciki ta rage zama kan wuta gwargwadon iko, musamman aikin biki da suna inda ake jera manyan tukwane. Mai jego kuma, ruwan wankanta da ake dafawa safe da yamma har a yi arba'in, a dafa shi a fili nesa da ɗakin da jariri yake.

Mataki na 3: a ba hayaƙi hanyar fita

Girki a fili ko ƙarƙashin rumfa ya fi girki a rufaffen ɗaki nesa ba kusa ba. Rumfar kwano mai ƙafa huɗu, da ɗan guntun bango iya gwiwa don tare wa wuta iska, ta wadatar har da damina. Wajen zama ki lura da lokaci: da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma daga kudu maso yamma. Ki ajiye kujerarki yadda iskar za ta bugi bayanki ko gefenki. Murhun yana nan inda yake, kujerar ce ke sauya wuri.

Wanda madafinsa ginanne ne, ƙofa kaɗai ba ta isa. Hayaƙi yana da zafi, sama yake nema, don haka yana buƙatar mafita a can kusa da rufi, iska mai kyau kuma ta shigo ta ƙasa. A kira magini ya cire bulo biyu ko uku a saman bangon da murhu ke jingine da shi, ya buɗe taga a bangon da ke fuskantar ƙofa. Mai sabon gini ya bar tazarar taƙi guda ko fiye tsakanin bango da kwano tun yanzu, tun ran gini tun ran zane.

Bututun hayaƙi na langa-langa ya fi duka, in an yi shi daidai: ya haɗe da murhu ba tare da ɓaraka ba, kansa ya zarce rufi, a sa masa 'yar hula saboda ruwan sama. Sai dai yana toshewa. Duk sati biyu ko uku a ɗaura tsumma a doguwar sanda a zura a kakkaɓe shi, in ba haka ba hayaƙin zai dawo ciki ya fi na da.

Ɗakin kwana kuwa ba wurin girki ba ne, ko da risho, ko da kurfoti, ko ana tsuga ruwa. Masu ɗaki ɗaya a gidajen haya na Bolari ko Pantami su fitar da shi baranda.

Mataki na 4: itacen da yadda ake cin sa

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wuta sai ta gama ƙafar da ruwan nan kafin ta ci itacen, kuma duk tsawon lokacin tururi da farin hayaƙi kawai take bayarwa. Busasshe ana gane shi: ba shi da nauyi, bakinsa ya tsattsage, ɓawon na saɓulewa, in an gwara biyu sai su yi ƙara ƙwal. Wanda ke tsiyayar kumfa ta gindi yana cii a cikin wuta, an sayar miki da ruwa a kuɗin itace.

Mai hali ya sayi na damina tun watan Maris ko Afrilu, lokacin da ranar Gombe ke gasa komai. A faskara shi sirara, kaurin tsintsiyar hannu ko ƙasa da haka, a jera a kan duwatsu ko bulo don kada ya sha danshin ƙasa, a rufe samansa a bar gefe a buɗe. Na gobe kuma a jingine shi kusa da murhun yau ya sha ɗumi.

Wajen kunnawa ne aka fi yin ɓarna. Leda, tsohon silifa, guntun roba, katifar soso: duk suna kama wuta nan take, shi ya sa ake son su, amma hayaƙinsu guba ne da ya fi na itace muni, kuma a daidai lokacin fuskar mai kunnawa na dab da murhu. Haka katako mai fenti da ragowar filawud na kafinta, saboda gam da sinadaran da ke jikinsu. Ki tanadi kirare, busasshiyar ciyawa, totuwar masara ko ɓawon gyaɗa a wani tsohon buhu. Ki fara da sirara, su kama sosai, sannan ki ƙara masu kauri.

Kada ki cusa wa murhu itace har ya rasa numfashi. Guda uku ko huɗu, da 'yar tazara a tsakaninsu, kawunansu kaɗai ke ci, kina turawa a hankali. Ki kwashe toka kowace safiya don iska ta samu shiga ta ƙasa. Wuta mai kyau harshenta garau yake, hayaƙinta kaɗan. Da kin sauke, ki zare bakin wutar ki tusa shi cikin yashi ko toka a waje, kada ki bar shi yana turnuƙe gida har la'asar. Kara da kashin shanu sun fi itace hayaƙi. Wanda ba shi da wani zaɓi ya yi amfani da su a fili kawai.

Mataki na 5: ki rage zaman tukunya a kan wuta

Ki gyara kayan miya, ki wanke shinkafa, ki ajiye ruwa kusa, sannan ki ƙyasta ashana. Ki jiƙa wake tun dare. Ki rufe tukunya da murfin da ya zauna daidai. In ta tafasa ki rage wuta, domin ruwan da ke tafasa a hankali da mai tafarfasa kamar zai tsinke murfi zafinsu ɗaya ne.

Sai dabarar da na fi so, wadda yayata Adda ta yi mini dariya a kanta har ranar da ta ɗanɗana. Ki samu babban kwando ko kwali. Ki shimfiɗa tsohon bargo ko tsummokara masu kauri a ciki, ƙasa da gefe, kaurin kamar yatsu huɗu. Buhun da aka cika da ɓuntun shinkafa ma yana yi. Ki ɗinka 'yar matashi da za ta rufe sama. Shinkafa ta tafasa minti 5 a kan wuta, da ruwa ɗan ƙasa da yadda kika saba tunda ba zai ƙone ba. Ki sauke ba tare da kin buɗe murfi ba, ki sa a kwandon, ki lulluɓe, ki danna matashin. Bayan minti 40 ki buɗe: ta nuna, ba ƙanzo, ba ta kama ba. Jiƙaƙƙen wake ya tafasa sosai minti 15 zuwa 20, sannan ya yi awa 3 a kwando. Nama da ganda ma haka, sai dai su ƙara daɗewa a wuta. Sharaɗi biyu ne: kada a riƙa leƙawa, kuma in abincin ya wuce awa 4 ko ya huce, a mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a ci. Tuwo dai ba ya shiga wannan, sai an tuƙa.

Mataki na 6: murhu mai tsimin itace

Murhun duwatsu uku mafi yawan zafinsa iska yake dafawa. Abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Murhun da aka kewaye yana tattara wutar ƙarƙashin tukunya, ya ci itace kaɗan. Akwai na ƙarfe na sayarwa, irin su Save80, akwai kuma wanda za ki gina da kanki.

Ki kwaɓa yumɓu ko ƙasar shuri da garin katako ko yankakkiyar ciyawa, kusan awo ɗaya-ɗaya, ki rufe ya kwana biyu. Ki samu gwangwanaye ko guntayen bututu masu faɗin kamar santimita 12, ɗaya a kwance ya zama ƙofar itace, ɗaya a tsaye a ƙarshensa ya zama hanyar wuta, tsayinsa kamar santimita 30. Ki gina ƙasar a kewaye da su. A sama ki zaunar da tukunyar da kika fi girki da ita, ki ɗaga ginin ya rungume ta har rabi, da tazarar yatsa guda a kewaye inda zafi zai bi ya lashi gefenta, da 'yan duwatsu uku ƙanana da za ta hau. In ya fara tauri ki zare gwangwanayen, ki bar shi ya bushe a inuwa sati uku. A ƙofar ki sa ɗan faifan ƙarfe da itace zai hau, iska ta bi ta ƙarƙashinsa.

Amma kada a ruɗe ki da talla. A Malawi an raba wa gidaje ingantattun murahu masu fanka, aka bi yara sama da 10,000 har shekara biyu, ba a ga nimoniya ta ragu ba. A Gwatemala kuwa, inda aka gina murhu mai bututun da ke fitar da hayaƙi waje, nimoniya mai tsanani ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da na fahimta shi ne, tsimin itace daban, tsabtar iska daban. Sabon murhu a rufaffen ɗaki, da goyo a baya, da tsohon murhun yana ci a gefe, bai canza komai ba sai kuɗin itace.

Mataki na 7: gawayi, kaskon wuta da janareta

Nan ne wurin da ake mutuwa a dare ɗaya. Gawayi ya fi itace ƙarancin hayaƙin da ido ke gani, sai mutane suka ɗauka lafiya lau ne. Alhali yana fitar da iskar kabon monoksaid mai yawa, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa hawaye. In ta shiga jini tana kama wurin iskar oksijin da ƙarfin da ya ninka nata fiye da sau 200. Mutum yana numfashi, amma jikinsa na shaƙewa.

A sanyin Disamba da Janairu ne abin ya fi faruwa. An toshe taga da tsumma, an rufe ƙofa, an shigo da kaskon garwashi don tsohuwa ko mai jego ta ji ɗumi, kowa ya kwanta. Ko an ja janareta cikin baranda ko kicin saboda tsoron ɓarayi. Mai barci ba ya jin komai.

Dokar a nan ba ta da sassauci. A kunna gawayi a waje. Ba a kwana da garwashi a ɗaki, ko ya yi ja ya daina hayaƙi, domin a lokacin ma yana fitar da gubar. In ana son ɗumi, a ƙara bargo, a sa wa yara hula da safa, ko a cika jarka da ruwan zafi a naɗe ta da zane a sa a shimfiɗa, nesa da jikin jariri. Janareta ya zauna a fili, kamar mita 6 daga ƙofa da taga, salansarsa na kallon waje. Matsalar ɓarawo kejin ƙarfe da kwaɗo ke maganinta.

Alamomin su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Babbar shaida ita ce mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya su kamu lokaci guda, kuma su ji sauƙi in sun fita. Kada a tsaya cewa maleriya ce ko iska ce ta taɓa su. A buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da kowa fili, a kashe abin da ke ci. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja, ba sa karya wannan gubar, sai dai su sarƙe shi su gangara huhu. Maganinta iskar oksijin ce, don haka a nufi babban asibiti kai tsaye, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, a gaya musu a fili cewa an kwana da gawayi ko janareta. Ko ya farfaɗo a hanya a ƙarasa da shi, musamman mai ciki.

Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma hayaƙi ne, duk ƙamshinsu. Ba zan ce mace ta bar turare ba, na san ba za a ji ba. A turara ɗaki lokacin da yara ke waje, a fitar da kaskon, a ɗaga labule ya sha iska kafin a shigo da jariri. Sauro kuma gidan sauro ya fi.

Mataki na 8: gas, kuma wannan da kai nake, maigida

Kai ke cefane, amma ba kai ke zama a bakin murhu ba, shi ya sa lissafinka ke tsayawa a kuɗin cika tukunyar gas. Ka zauna ka haɗa abin da ke tafiya a itace da gawayi a wata, ƙulli-ƙulli, ka ɗora na maganin tari da zirga-zirgar asibiti, sannan ka gwada. Gas da lantarki su ne suke kawar da hayaƙin kusan gaba ɗaya. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsabta ta ƙasa a 2024, amma manufa ba ta cika tukunya, kuma gas ya yi tsada, ban musa ba. Da babu gara ba daɗi: ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 ta ɗauki shayin safe, ɗumame, ruwan wankan yara da girkin dare, itace ya koma na manyan tukwane a fili. Mata da yawa da adashi suka sayi tasu.

Tsoron fashewa shi ke hana wasu, kuma kiyayewarsa ba wuya. Tukunya ta tsaya a tsaye, a wuri mai iska, nesa da murhun itace. Duk lokacin da aka cika aka ɗaura, a shafa ruwan kumfar sabulu a mahaɗa da jikin tiyo. In ya yi ƙwai-ƙwai yana yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Tiyon da ya tsattsage a canza shi, kada a naɗe da leda. Tukunyar da ta yi tsatsa ko ta lotsa a rabu da ita, kuma kada a bari mai cikawa ya cika ta maƙil. A ƙyasta ashana kafin a murɗa. Harshen wuta ya zama shuɗi. In ya koma ja yana baƙanta tukunya, kan ya toshe, a wanke shi. In an ji warin gas, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki, kowa ya fita. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka a ba shi lokaci ya fice.

Kananzir ba tsani ba ne tsakanin itace da gas. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guje shi a gida, ta kuma ce kada a yi girki da ɗanyen kwal, irin wanda ake haƙowa a Maiganga don masana'anta. Ga kuma yaran da ke shan kananzir a gorar lemo. In hakan ta faru kada a sa yaro amai, a kai shi asibiti.

Mataki na 9: abin da ke shigowa daga waje

Hazon hunturu, wanda yawancinsa ƙura ce da iska ke kwasowa daga hamadar ƙasar Chadi, ba mu da iko da shi. A ranar da ya yi kauri, mai asma da tsoho da jariri su rage fita, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma. Takunkumin N95 yana tare ƙananan ɓurɓushin in ya zauna a fuska sosai. Na yadi manyan kawai yake tarewa. Ƙona bola da leda da taya a cikin unguwa kuwa aikin hannunmu ne, kuma magana ce da mai unguwa da limami za su iya tsayarwa.

Mataki na 10: ki iya ƙirga numfashi

Yaro na tari, ki jira ya natsu ko ya yi barci, ki ɗage rigarsa, ki saita minti ɗaya a waya, ki ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga. Ɗan ƙasa da wata 2, in ya kai 60, numfashin ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai haka, a je asibiti a ranar, kada a tsaya sayen maganin tari a kemis. In kuwa ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki idan ya ja numfashi, ko ya kasa kama nono, ko yana gurnani, ko leɓensa ya sauya launi, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, ko tsakar dare ne a nemi abin hawa. A kuma duba katinsa a tabbatar ya karɓi alluran sati 6, 10 da 14, domin a cikinsu akwai na ƙwayoyin da suka fi kawo nimoniya, da na ƙyanda a wata 9.

Babba kuma, tarin da ya wuce sati 2 a je a gwada majina saboda tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Haki a ɗan aikin da da ba ya gajiyar da ke, majinar safe da ta zama ta kullum, ƙirji mai kukan mage, gani da ya fara yin hazo-hazo, duk abin kai wa likita ne, kuma a riƙa auna hawan jini ko ba a jin komai. In kin shiga wurinsa kada ki jira ya tambaya. Ki ce masa, "Likita, shekara kaza na yi ina girki da itace, awa kaza a rana, a cikin ɗaki."